Tsaga Biyu a Jikin Sandar Sakiusa

"Kun ji an saki tallafin?"

"Na me?"

"Na matsayar jirgi mana. Gwamnati za ta zuba siminti har cikin teku, jirgin Suva ya zo ya jingina kamar ɗan gida."

"Ashe mai yatsu takwas zai koma tonon rogo."

"Rage murya, ga shi can."

Yana jin su. Sakiusa na durƙushe cikin kwale-kwalensa yana kwashe ruwa da gwangwani, bai ko ɗago ba. Shekara talatin da bakwai ke nan yana fito a tsibirin. Babban jirgi kan zo daga Suva, babban birnin ƙasar, sau ɗaya a mako uku, ya tsaya can bayan duwatsun da suka kewaye tsibirin, don ba shi da wurin jingina. Duk abin da ya shigo garin ta hannun Sakiusa ya bi: buhunan fulawa, kwanon rufi, gangunan mai, ƙararrawar coci, har wani bijimi da ya ja a bayansa yana iyo yana huci. Abin da zai fita ma haka, busasshiyar kwakwa da gwaza da masu naƙuda. Yatsunsa biyu na hagu sun tafi ne ranar da igiyar ruwa ta haɗa kwale-kwalen da jikin jirgi. Ya naɗe hannun da riga, ya ƙarasa sauke kayan.

Ba ya ƙin matsayar. Wanda ya taɓa sa mara lafiya a ragar kaya aka ja shi sama kamar buhu ba zai ƙi ta ba. Wurin da aka zaɓa ne ya tsaya masa a rai.

Ranar Talata injiniyar gwamnati da jirgin baya ya sauke ta zo gaban sarki, wata matashiya mai suna Arieta. Ta kawo saiwar yangona, wadda ake shan ruwanta a taro, ta gaisuwa yadda ya kamata, aka daka, aka jiƙa, aka zauna a ɗakin taro. Ratu, sarkin garin, yana can sama, wurin zaman manya. Sakiusa kuwa, da yake jinin masunta ne, yana bakin ƙofa inda kakanninsa suka zauna. Ta shimfiɗa taswira ta nuna gaban coci. Ruwan wurin a kwance yake, in ji ta, ga zurfi, da kanta ta auna. Sannan ta tambaya ko akwai mai magana.

Shiru. An karɓi saiwarta, an tafa, an sha. Baƙon da aka sha yangonarsa ba a ce masa ya yi kuskure a bainar jama'a, balle daga bakin ƙofa. Masunta shida ne a ɗakin, kuma duka sun san in iskar kudu ta juyo bayan Ista, yashi kan taru a gaban coci har ruwan ya dawo iya ƙugu. Kowa ya duƙar da kai yana kallon tabarma. Ratu ya yi godiya, ita kuma ta rubuta cewa gari ya amince.

Washegari Sakiusa ya sami taubashinsa Waisale, mai magana da yawun sarki, yana ɓare kwakwa a bayan gida.

"A'a, ga marayan siminti! Ka zo neman aikin gadi?"

"Kai da ko a kwanon wanka amai kake yi, me ka sani? Tashi ka gaya wa Ratu wurin nan yashi ne."

"Jiya ina bakinka yake?"

"Inda naka yake."

Waisale ya ajiye addar. "Taubashi, Ratu ya riga ya ce to a gaban baƙuwa. Ni ne zan sa ya lashe maganarsa? Kuma in aka ji daga wajenka ta fito, cewa za a yi abincinka kake karewa."

"Su faɗa. Tallafin nan sau ɗaya ake ba tsibiri. In aka binne shi a yashi, jikokinka ma a raga za a ja su."

"To ni dai a ƙasa nake aiki," in ji Waisale, ya koma kan kwakwarsa. "A ruwa kuwa na ga ka daka wa Ratu tsawa ya zauna, kuma ya zauna."

Ranar Juma'a jirgi ya zo. Babu mai kai injiniya sai shi. Ta zauna a tsakiya ta rungume jakarta, ya tayar da inji. Maimakon ya miƙe sai ya karkata, daidai gaban coci ya kashe injin.

"Baba, lafiya? Jirgi zai bar ni."

"Ba ya tashi sai na kai masa buhun ƙarshe."

Ya jawo sandar gorar da yake tura kwale-kwale da ita. Tsaga biyu ce a jikinta, duka sun yi baƙi don tsufa. Ya ɗora babban yatsansa a ta sama.

"Nan ne ruwan wannan wata, wanda kika auna. Ba ki yi ƙarya ba." Ya zame hannun ƙasa sosai. "Nan kuma ruwan Yuli."

Ta dubi tazarar, ta dube shi. "Me ya sa ba wanda ya faɗa a taro?"

"Mun sha yangonarki, 'yata."

"Baba, matsayar nan fa ita za ta raba ka da aikinka."

"Na sani. So nake in ta raba ni da shi, ya zamana jirgi ya jingina da gaske." Ya nuna mata bayan makabarta da haɓa. "Can ƙasan dutse ne, ruwa na share shi kullum. Zan kai ki."

A bakin gaɓa mutane sun fara taruwa suna kare rana da hannu, har da Waisale. Sakiusa ya juya musu baya, ya miƙa mata sandar da hannun nan mai yatsu uku.

"Karɓi, ki caka da kanki ki ji abin da ke ƙasa. Sannan don Allah kada ki bari a zuba ko buhu ɗaya, sai kin dawo bayan Ista kin sake aunawa."