Na Cire Ƙanin Kakana Daga Jerin Zuri'armu

A lokacin da abin nan ya faru ina shekara ta uku a jami'a a nan Makka, muna zaune a unguwar Shisha ni da iyayena. Ni ba mai yawan magana ba ce. Ko baƙi aka yi, da na gaishe su sai in shige ɗaki in ɗauki littafi. Larabci ya fi zama a bakina, Hausata kuwa ta cikin gida ce, shi ya sa nake jin nauyin zama da tsofaffinmu don kada su yi mini dariya. Abin da na iya shi ne bin takarda layi-layi har in gano inda aka yi kuskure, kuma ina jin daɗin hakan.

Wata rana a ɗakin karatu na ci karo da bayanin yadda mutanen wani ƙaramin tsibiri da ake kira Man, can kusa da Ingila, suke gano kakanninsu ta hanyar takardun ƙidayar jama'a da littattafan coci, inda ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Abin ya tsaya mini a rai. Mu abin da muka sani kawai shi ne mahaifin kakana ya baro wani ƙauye a ƙasar Katsina a ƙafa, shi da matarsa da 'ya'ya maza biyu, suka yi shekaru a hanya, suna noma a Sudan, kafin su haye teku zuwa Jidda. Babban ɗan shi ne kakana, ya daɗe da rasuwa. Ƙaramin yana raye a unguwar Aziziyya, tsoho tukuf, muna ce masa Kaka. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka taka wannan hanya. Duk Sallah idan ya gan ni sai ya ce ga amaryarsa mai gilashi, wai ya fasa auren tunda na fi son littafi a kansa. Ni kuwa in sunkuyar da kai in gudu.

Na roƙi goggona, yayar babana, ta ba ni akwatin ƙarfen da tsofaffin takardunmu suke ciki. Wata huɗu na yi ina bin su ni kaɗai. A takardar tafiya da aka buga wa hatimi a Sudan, ɗa ɗaya ne aka rubuta a ƙarƙashin sunan mahaifin kakana. A wata takardar kuma, ta mai kula da alhazai da ya karɓe su a Makka, na ga sunan Kaka an jingina shi ga wani mutum daban a matsayin uba. Na duba sau ba adadi. Daga gidanmu zuwa gidan Kaka bai fi minti goma a tasi ba, amma ban je na tambaye shi ba. Na ce wa kaina tsoho yana mantuwa, takarda ba ta mantuwa. Gaskiyar ita ce kunyar zama gabansa nake ji.

Na zana jerin zuri'ar a babbar takarda. Kaka da 'ya'yansa da jikokinsa na ajiye su a gefe, na rubuta a ƙasa cewa ba a tabbatar da nasabarsu da mu ba. Ranar ƙaramar Sallah, da dangi suka taru a gidan Goggo, na shimfiɗa ta a tsakiyar falo. Ɗan Kaka na biyu ya karanta, ya tambaye ni a gaban kowa ko yanzu sai sun kawo shaida kafin su ci tuwon gidan. Kaka ya ce a karanta masa, aka karanta. Bai yi faɗa ba. Ya nemi sandarsa, ya ce mini malama sannu da ƙoƙari, ya ce a kai shi gida. Tun da nake bai taɓa ce mini malama ba.

Bayan an watse Goggo ta zaunar da ni. Ta ce matar mahaifin kakana tana da ƙanwa a cikin ayarin, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba, sai yayar ta ɗauki ƙaramin ɗanta ta ba ta riƙo tun suna hanya, kamar yadda ake yi a can gida. Mijin ƙanwar ya sa shi a takardarsa domin ɗansa ne ya zama. Ta ce duk manya sun san haka, ba a dai faɗa ne, don wanda ya ba da riƙo ba ya komawa yana cewa ɗana ne. Ta tambaye ni me ya hana in buɗe baki in tambaya.

Na gyara zanen a mako guda, na mayar da Kaka gefen kakana, na share sunan wancan mutumin da ya riƙe shi gaba ɗaya. Amma sai da na yi wata guda kafin na iya hawa benen su Kaka. A tsakanin nan babu wanda ya zage ni, babu kuma mai kirana. Da na je na same shi a kan darduma. Na durƙusa na ba shi haƙuri da guntuwar Hausata, na karanta masa sabon jerin. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ina mutumin da ya goya shi a kafaɗa har bakin teku, ya sa shi makaranta, ya yi masa aure. Na ce na cire shi. Ya ce shi uba biyu Allah ya ba shi, da farko na karɓe masa ɗaya, yanzu na dawo da shi na karɓe ɗayan. Ya ce ya yafe mini, in tashi in sha shayi. Na yi niyyar komawa da littafi in rubuta komai daga bakinsa, ina ta cewa sai bayan jarrabawa. Ya rasu kafin aikin Hajjin shekarar. Sunan ƙauyenmu, da sunayen waɗanda aka binne a hanya, duk sun tafi tare da shi. 'Ya'yansa suna amsa gaisuwata, amma sun daina zuwa gidan Goggo da Sallah.

Na gane cewa takarda tana ɗauke ne da abin da aka faɗa wa mai rubutu a ranar da ya rubuta, ba ta san dalili ba. Na kuma gane cewa kunyar da nake ɗauka tarbiyya ce, akwai girman kai a cikinta. Don haka ina kira ga 'yan'uwana masu son bin asalinsu, musamman mu da aka haifa nesa da gida: idan kuna da tsoho a raye, ku fara zama gabansa ko da Hausarku ta karye, kafin ku buɗe kowane akwati. Kuma kada ku rubuta hukunci a kan nasabar mutum alhali yana da bakin da zai ba ku amsa.