Kaza a Bakin Birka

In zafi ya shigo ba ma zaman ɗaki. Da an idar da Magariba, Ummi, mahaifiyata, za ta yayyafa ruwan wanke-wanke a tsakar gida don ƙasa ta huce, a shimfiɗa tabarmi, kakata ta jawo kaskon gawayinta ta ɗora butar shayi. Sitti muke ce mata, kamar yadda 'ya'yan maƙwabta ke kiran tasu. Gidanmu na kwano ne da katako a gefen unguwar Zahir a Makka, kuma kwanon nan ba ya sakin zafin yini sai bayan Isha'i. Kowa a gajiye yake zuwa tabarmar, amma babu kamar Abuya, mahaifina, mai sayar da ruwa. Tun safe yake saɓa zafa, wato garwa biyu rataye a sanda, daga bazan, matattarar ruwan unguwa inda ake ɗiba, zuwa gidajen mutane masu hawa kan hawa. In ya dawo sai ya kwanta can gefe ya ba mu baya. Kafaɗunsa duk sun yi kanta.

Sitti 'yar bakin kogi ce, daga ƙasar Yawuri, kuma a cewarta kafin ta iya tafiya ta iya ruwa. Abuya kuwa a hanyar Makka ta haife shi, cikin ƙasar Sudan, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Ni na gado ta. A wani lambun dabino kusa da mu akwai birka, babban tafki na gini da ake tara ruwan ban-ruwa. Mai kula da lambun yakan bar mu mu yi iyo kafin ya buɗe ruwan, kuma duk lokacin zafi yaran Zahir da na Jarwal kan yi tsere a ciki ranar wata Juma'a. Iyaye maza sukan zo su zauna bisa katanga. A shekarar da aka fara sa ni cikin masu tsere, ba abin da nake so a duniya irin in ɗago kai daga ruwa in ga Abuya a kan katangar nan.

Matsalar ita ce ni ɗan fari ne. Da na roƙi Ummi ta yi masa magana, sai ta ce, "Ka taɓa ganin uba ya je kallon ɗan fari? So kake a ce ba shi da kunya?" Ko sunana ba ya kira, sai dai "kai yaro". Ita ma Sitti ba ta da bakin magana, don shi ne nata ɗan farin, ba ta taɓa kiran sunansa ba balle ta roƙe shi abu. Na yini ina kumbure-kumbure, na ƙi cin abinci.

Daren Juma'ar Sitti ta dube ni ta ce, "Angona, wannan baki da ka turo ai sai a rataya masa zafa. Matso. Ga ta nan ta taso daga bakin kogi." Muka amsa mata, ni da ƙannena.

Wai wata kaza ce aka sa mata ƙwan agwagwa cikin nata, ta kwanta a kai ba ta sani ba. Da ta ƙyanƙyashe, sai ga ɗa ɗaya mai faffaɗan baki, kullum hankalinsa na wajen ruwa. Ana nan sai aka sa ranar tseren 'ya'yan agwagi, ya ce lallai sai ta zo. Kaza ta rasa yadda za ta yi, ta je wajen tsohon zalɓe ta ce ita ba ta san ruwa ba, me za ta tarar a can? Nan Sitti takan shaƙe murya ta miƙe wuya.

"Za ki sha rana. Za ki jira har ƙafa ta sage, don sai an gama da 'ya'yan wasu kafin a zo kan naki. In sun faɗa ruwa duk kawunan iri ɗaya ne, ba za ki gane shi ba. Kafin ki ƙifta ido an gama, kuma da wuya ya zo na ɗaya."

Kaza ta ce to ina amfanin zuwanta? Zalɓe ya ce ta dai je. Ta je, komai ya faru yadda ya faɗa. Iyayen agwagi suka faɗa ruwa suna ta ihu suna koya wa 'ya'yansu iyo a tsakiyar tsere, ita tana tsaye a tudu kamar an dasa ta. Da yara suka fito suna rawar ɗari, kowa ya ruga wajen uwarsa ya tarar da ita a jiƙe sharkaf. Ɗan kaza kaɗai ya sami busasshen fiffike ya shige. Sitti ta ce, "Nan ta nutse, wanda ya ji ya ji."

Sai muka ji muryar Abuya, bai ko juyo ba. "Inna, ita kaza ba ta da gidajen da ke jiran ruwa."

Sitti ta dubi butar shayi ta ce, "Ke buta, wa ya yi magana da mutumin nan?"

Washegari bayan an sauko daga masallaci na tafi lambu ban sa rai ba. Ina tuɓe riga sai na hango shi. Bai hau katanga cikin iyaye ba, can nesa ya zauna a gindin wani dabino, wai shi wucewa yake ya tsaya hutawa. Na kai masa rigata, ya karɓa bai dube ni ba. Aka yi ta jan abu. Ƙanana suka yi nasu, aka yi gardama kan wanda ya riga taɓa bango, wani uba ya kusa faɗawa birka don masifa. Rana kuwa kamar ta tsaga kai. Da aka zo kanmu na yi iyo da duk ƙarfin da Allah ya ba ni, na zo kusa da na ƙarshe. Na ɗago na dubi gindin dabino, sai na ga Abuya ya jingina, baki a buɗe, yana barci da rigata a cinyarsa.

Na tashe shi na ce, "Abuya, ka gan ni?" Ya murza ido ya ce, "Ban gan ka ba, yaro. Barci ya sace ni." Ya miƙo rigar, ya tashi ya kama hanya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Da na kai ƙara wajen Sitti, cewa kawai ta yi, "Ya je ko bai je ba?"

Yanzu ni ma na tsufa a bakin wuraren iyo. Na kai 'ya'yana, ga shi jikoki na ja na, kuma har yau zalɓe bai yi ƙarya ba. Ruwan ya zama shuɗi, an sa kujeru da rumfa, amma jiran yana nan, ihun iyaye yana nan, kawunan ma sun ƙara zama iri ɗaya tunda an sa musu huluna. Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar ta ɗan agwagwa ce. Sai da na zauna a kujerun nan baya na ciwo na gane ta kazar ce, wadda aka gaya mata duk wahalar tun a gida, ta kuma tashi ta je. In matasan iyaye suka tambaye ni abin da za su tarar, nakan ce su zo da ruwan sha da haƙuri, kuma kada su koya wa yaro iyo daga kan kujera.

Bayan rasuwar Abuya na taɓa tuna wa Ummi ranar, ina dariya, na ce mutumin da ya je kallo ya ɓige da barci. Ita ba ta yi dariya ba.

"Ranar tun kafin kiran sallar farko ya fita," in ji ta. "Sai da ya cika randunan gidajen da yake kai wa ruwa da yamma duka kafin sallar Juma'a, don kada wani ya kwana ba ruwa saboda wasan yaro. Da ya dawo daga lambun, har ya kwanta sai ya kira ni a hankali, ya ce, 'Tambayo mini ƙannensa, na nawa ya zo?'"