Yatsan da Goggo Falmata ba ta sa wa lalle

Shekara tara ke nan da rasuwar Goggo Falmata, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni a Kademi tun daga yaye. Duk shekara addu'a nake yi mata in yi shiru. Bana na kasa shirun, domin abin da na gani a gidanta ya tsaya mini a rai.

Goggo mace ce mai son lalle, kamar yawancin Barebarin danginmu. Ko surfe za ta yi, hannunta jawur yake. Amma da zarar an kaɗa gangar zaɓe, sai ta riƙa ƙunshi tana barin babban yatsanta na dama fari fat. Mata su yi ta yi mata tsiya, wai lallen ne ya ƙare. Ita kuwa cewa take, “Wannan na dangwale ne. So nake in an shafa mini tawada kowa ya hango daga nesa.”

Sai da na girma na gane dalili. Lokacin da aka fara zaɓe a ƙasar nan, matan Kudu na jefa ƙuri'a, na Arewa aka ce su zauna, wai ba huruminsu ba ne. Goggo ce ke dama wa maza kunu su sha su tafi rumfar zaɓe, ita da ƙuli-ƙulinta ke riƙe da rabin gidan. Sai da ta aurar da 'yarta ta fari kafin aka yarda tana da hankalin zaɓen shugaba.

Ta kuma san ba su kaɗai aka yi wa haka ba, don rediyo ba ya barin gefen tabarmarta. A Ingila sai da mata suka sha ɗauri kafin a ba su. A Amurka jarrabawar ƙeta aka riƙa yi wa baƙar fata a wurin rajista. Ranar da aka ce tsofaffi a Afirka ta Kudu sun wuni a layi don zaɓen farko a rayuwarsu, Goggo ta ajiye ludayi ta ce, “Allah sarki, ashe mun riga su.” Ta yi hawaye saboda mutanen da ba ta taɓa gani ba.

To, makon jiya na je biki gidan. Can na tarar Yaya Sule, ɗanta na cikinta, wanda ke riƙe da gidan yanzu, ya tattara katin zaɓen matan gidan kaf ya cusa a aljihu. Wani ɗan siyasa ne ya yi masa alkawarin taki in ya miƙa katunan a ɓoye su har a gama zaɓe, don an san inda matan suka karkata.

Na ce, “Yaya Sule, a gidan Goggo?”

Ya ce, “Mata me suka sani a siyasa? Taki kuwa kowa zai ci amfaninsa.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Maganar da aka hana uwarsa zaɓe da ita, ita ce yake maimaitawa a ƙofar ɗakinta. Na san taki ya yi tsada, na san waɗanda muke zaɓa ba su cika tunawa da mu ba. Goggo ma ta sani. Ba ta taɓa cewa ƙuri'arta za ta kawo rijiya ko hanya ba, cewa take an sa ta cikin mutane. Da tana raye, da muciya za ta bi shi har zaure, duk furfurarsa.

Muna cikin haka sai ga 'yarsa ta fito daga wurin ƙunshin biki. Sunan Goggo aka sa mata, shi ya sa ba ya iya faɗar sunan, sai dai ya ce Ummi. Ta durƙusa ta miƙa hannu ta ce, “Baba, katina nake so.”

Hannun jawur, babban yatsan fari fat.

Yaya Sule ya daɗe yana kallon yatsan. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro nata ya ba ta.

Goggo ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba. Abin da ta bari shi ne yatsan nan, kuma ya kai ga jika. Amma har na baro Kademi sauran katunan na aljihun ɗanta. Allah ya jiƙanki, Goggo. Na Ummi kaɗai ya fito.