Kindirmon da Babu Sukari

A shekarata ta biyu a Gure aka ce ni ma in kawo kayan zaƙi ciyayyar matan unguwa, ni da ko a gidanmu ba a taɓa yabon hannuna a girki ba. Aikin jinya ne ya kai ni garin. Daga Tasawa aka turo ni, na kama hayar ɗaki a gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Hajiya, kamar ita kaɗai ta taɓa zuwa Makka a garin. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta namiji ɗaya yana aiki a Damagaram, ita kuwa ta kafe a gidanta da awakinta da maƙwabtanta. Ni tana kirana Likita idan da mutane, ɗiyar nan idan mu biyu ne.

A tsakar gidanta ake ciyayyar, duk bayan ƙaramar Salla. Malaman lakwal, wato makaranta, mu ma'aikatan gidan likita, matan ma'aikatan da aka turo daga Tawa da Dosso da Agadas, da ƴan gari masu yin Barbarci a tsakaninsu su juyo mana da Hausa, kowa ta dafo daga gidanta a haɗu a ci. Shinkafa da nama ba su da doka, kowa ta sa hannu. Kayan zaƙi ne ke da ita. Ba mai taɓa su sai Hajiya ta ci na kowace mace ta faɗi ra'ayinta, kuma ba ɗanɗanon bakin harshe take yi ba, ci take yi sosai. Wadda aka tsallake farantinta kuwa, ta samu abin fushi har wata Sallar.

Abin da matan ba su sani ba shi ne Hajiya na da ciwon sukari. Ni na gano, ƴan watanni kafin azumi. Na ga ba ta rabuwa da kofin ruwa, ga wani ɗan miki a yatsan ƙafarta da ya ƙi warkewa. Na lallaɓa ta na gwada jininta a ɗakinta, abin da na gani ya sa na nemi wuri na zauna. Da na yi mata bayani, ba ciwon ya tsorata ta ba. Ta riƙe wuyan hannuna ta ce ɗanta ya daɗe yana neman dalilin da zai ɗauke ta zuwa Damagaram, ya ajiye ta a ɗaki mai tele a bayan ƙofar ƙarfe, inda ba ta san kowa ba.

"Ranar da ya ji, ranar zai turo mota. Ki rufa mini asiri, ɗiyar nan."

Na yi mata alkawari. Dama aikinmu bai yarda da yawo da ciwon mutane a baki ba. Na kawo mata magani ta ɓoye a gwangwanin turare, nake wanke mata mikin idan ba kowa, ta bar sukari a shayi tana mita kamar ni na ɗora mata ciwon. Jikin ya fara daidaita, mikin ya fara tsotsewa.

Sai ga Salla, sai ga surukarta, matar ɗan nata, ta zo daga Damagaram za ta yi mako. Mace ce marar yawan magana, mai ladabi, amma idonta ba ya barin komai ya wuce. Tun isowarta ta tambayi me ya sa Hajiya ke sa safa a wannan zafin, Hajiya ta ce sauro. Ni dai na san ciyayya na tafe, kuma na san abin da za a jere: alkaki, nakiya, dubulan, alewar madara, gato, kantun riɗi, ga dabinon kwari da ƴan gari ba sa zuwa babu shi. Idan Hajiya ta cinye su yadda ta saba, ban san a wane hali za ta kwana ba. Idan ta ƙi ci, surukar za ta tambayi dalili.

Na sami Hajiya tana ba awaki dusa, na tambaye ta yadda za ta yi. Ta ce Allah na nan. Raina ya ɓaci, na ce ai Allahn ne ya ba mu hankali. Na ce ta ce tana azumin Shawwal. Ta ce tun da aka fara ciyayyar ba ta taɓa azumi a ranar ba, kowa zai yi mamaki. Na ce to ta ce haƙori ke ciwo. Ta harare ni ta ce wato in ba surukarta dalilin kai ta wurin likitan haƙori a Damagaram. Na bar wurin ina huci. Tsohuwar nan tana da taurin kan da ban taɓa gani ba, kuma na lura a ƙasan ranta tana kwaɗayin nakiyar nan.

Shi ne na yanke zan yi abin da babu sukari a ciki, in san yadda zan yi ya fara isa hannunta, ko ya tare mata ciki. Na sayi kindirmo wurin wata mai kawowa daga wajen Bune ranar kasuwa, na tace shi a farin ƙyalle mai tsabta har ruwan ya tsane ya yi kauri. Na zuba garin ƴaƴan kuka, na daka soyayyar gyaɗa, na kankari goruba kaɗan don ƙanshi, na sa citta da kanumfari. Na farko da na gwada, tsamin ya sa ni runtse ido, kukar ta yi yawa. Na rage na sake. Na biyu ya ciwu, har da ɗan daɗinsa, amma ko mahaukaci ba zai kira shi kayan zaƙi ba.

Na yi tunanin in zuba wa na kowa sukari in ware na Hajiya guda. Sai na tuna ba mai abinci ke miƙawa ba. Wata ce ke zama kusa da ita tana ɗebo mata, kuma bana surukar ce za ta zauna a wurin. Ba ni da yadda zan ce mata ɗauki wannan, bar wancan. Na tsaya da gwangwanin sukari a hannu na daɗe, sannan na mayar da shi. Na zuzzuba abin a ƙananan kofunan shayi, na barbaɗa gyaɗa a kai, na kai firigon maƙwabciya. Da rana aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, sai da na bi shaguna neman ƙanƙara ina zage-zage a raina.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi. An ci shinkafa an ci nama. Aka jero farantan zaƙi gaban Hajiya, nawa aka tura can ƙarshe saboda ni ce ƙarama. Na tashi kamar zan gyara murfi na jawo shi gaba. Wata malamar lakwal ƴar Dosso, mai bakin tsiya, ta ce a bar likita ta yi gaba, da alama abin nata na gaggawa ne. Aka yi dariya, ni ma na yaƙe baki.

Surukar ta zauna, ta kai hannu kan alkaki, wanda ke naso da zuma har yana ɗiga. Hajiya ta kalli alkakin, wallahi na ga maƙogwaronta ya motsa. Sai ta kau da kai ta ce a fara ba ta na Likita, a ga ko bayan allura ta iya wani abu.

Ta kai cokali baki. Ta tauna gyaɗar a hankali, ta yamutse fuska, ta dube ni sama da ƙasa.

"Likita, a Tasawa haka kuke yi wa baƙi? Wannan kayan zaƙi ne ko maganin shawara?"

Wurin ya fashe da dariya. Kowa ta kai hannu ta ɗauki kofi don ta ji da bakinta. Wata ta tofar a gefe, wata ta ce ko albashi bai fito ba ne a yi mini karo-karon sukari, ƴar Dosso ta ce yanzu ta gane dalilin da ya sa har yau ba a kawo kuɗin aurena ba. Hajiya ba ta tsaya nan ba, ta ƙara da cewa awakinta ma sai an roƙe su. Na san wasa take bugawa, amma ta wuce gona da iri, kuma na ga tana jin daɗin abin. Kunya da haushi suka cika ni, idona ya kawo ruwa, na sunkuyar da kai ina wasa da bakin tabarma.

Da dariyar ta lafa, sai Hajiya ta ce duk da haka ba za a zubar da abincin ƴar hayarta a gidanta ba, a miƙo mata sauran. Ta shanye kofin farko, ta shanye na biyu, ta kama na uku tana yi tana tsaki. Sannan ta tura farantin alkaki gefe, ta ce tsamin nan ya kashe mata harshe, yanzu ko zuma aka zuba mata ba za ta bambanta ta da ruwan kanwa ba, kuma ba za ta zalunci masu alkaki da nakiya da hukuncin mataccen harshe ba. A ƙulle mata na kowa, gobe idan bakinta ya dawo za ta ci ta aika da ra'ayinta gida gida. Wasu suka yi gunaguni, amma a kaina haushin ya sauka, ba a kanta ba. Mata suka far wa kayan zaƙi, aka manta da ni. A lokacin ne na saki numfashi, na ce a raina mun tsira.

Ban lura da surukar ba sai daga baya. Ita kaɗai ba ta yi dariya ba. Tana riƙe da kofi ɗaya tana sha a hankali har ta kai ƙasa. Ta kalli ƙafar Hajiya mai safa, ta kalli kofin ruwan da ke gefenta, sannan ta kalle ni.

Ina wanke kofuna a bayan ɗaki kafin magariba, sai surukar ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta ɗauki ɗaya tana ɗauraye mini.

"Likita, tun yaushe take da shi?"

Na ce da me. Na ce sukari ne kawai na manta, ta ga ai an sha ni da dariya. Ta ce wadda ta zauna ta tace kindirmo, ta daka kanumfari, ta kankari goruba, ba ta manta sukari. Mahaifinta da ciwon ya rasu, ita ta yi masa girki shekara da shekaru, ta san ɗanɗanon abin da aka hana wa sukari da gangan. Na ce ni ba na maganar lafiyar kowa da kowa. Ta ce ba sai na yi ba.

Na ajiye girman kai na roƙe ta. Na ce tsohuwar nan gidan nan ne ranta, ina kula da ita, ta bar ta. Ta saurare ni har na gama, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce su ma haka suka biye wa mahaifinta, yana ɓoye ƙafa a safa, har ranar da aka yanke ta. Ta ce ba za ta iya kallon mijinta ta yi shiru ba. Haushinta nake ji kamar in kwaɗa mata kofin, kuma a matsayina na ma'aikaciyar jinya na san a Damagaram akwai gwajin da ba mu da shi a Gure. Da wata ce ba Hajiya ba, da ni da kaina na ce a kai ta.

Kafin makon ya ƙare motar ta zo. Ɗan bai yi faɗa ba, har godiya ya yi mini, abin da ya fi zagi ciwo a wurina. Aka kai awaki gidan maƙwabta, aka kulle ɗakinta, aka ce ni in ci gaba da zama ina duba gidan. Matan unguwa suka cika ƙofar gida, ƴar Dosso tana ta ba ni haƙuri a kan zancen aure, ban ko kalle ta ba.

Hajiya ba ta yi mini magana ba tun daren ciyayyar. Na ɗauko maganinta na kai mata tana zaune a bayan mota, na fara yi mata bayanin na safe da na dare kamar ba ta sani ba, don dai in samu abin faɗa. Ta karɓa ta ɗora a cinya. Ta daɗe tana kallon ƙofar gidanta, sannan ta juyo, ba da faɗa ba.

"Da kin zuba sukarin, ɗiyar nan. Ai yini ɗaya ne."

Direba ya tada mota, na ja da baya don kada ta taka ni.