Matan Kanisa a Takabar Inna

Ranar Talata ce, kwana huɗu bayan Babbar Salla, a shekarar da nake aji uku na firamare. Ina zaune a tsakar gidanmu na unguwar Umbadda ina ɓarar gyaɗa, ƙanwata Hauwa tana goye a bayana, sai wasu maza biyu suka yi sallama a ƙofa. Ɗaya yana riƙe da hular Baba. Suka ce wata babbar mota ce ta ƙwace wa direbanta a tashar Suk al-Arabi, daidai inda Baba yake zama yana gyaran takalma. Inna ta karɓi hular, ta ɗora a kan randa, ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado. Ba ta yi kuka ba. Ni ma ban yi ba. Na ci gaba da ɓarar gyaɗar har farantin ya cika, don ba wanda ya ce in daina.

Kwana uku gidan yana cike. Dangi sun zo daga Bahri da ƙauyukan Jazira, an kafa rumfa a ƙofar gida, ana ta dafa shayi ana wanke kofuna. A rana ta huɗu aka kwashe rumfa, kowa ya koma ga aikinsa. Inna ta shiga takaba cikin farin zane, ta juya fuskarta ga bango. A da ita ce take fara tashi a layinmu, ta soya gyaɗa a cikin yashi mai zafi, ta ƙulla a takarda, ta kai bakin ƙofar makarantarmu ta sayar. Yanzu ko ruwa sai na kai bakinta. In Hauwa ta yi kuka, ta ba ta nono ba tare da ta dube ta ba, har nonon ya ƙafe. Na daina zuwa makaranta. Ina tsayawa a ƙofa in jira mai ruwa da jakinsa, in dama kunu yadda na iya, wata rana ya yi gudaji, wata rana ya tsinke. Kawu Idrisa, yayan Baba, kafin ya tafi ya faɗa a gabana cewa zai dawo sadakar arba'in. In ya tarar da mu haka, zai tafi da ni gonarsa a Jazira, a kai Hauwa wurin Gwaggo a Bahri. Na ji maganar kamar wasu yara ake nufi.

Katanga ce 'yar gajeriya ta ƙasa tsakaninmu da gidan Marta, 'yar Nuba ce Kirista mai wankau a gidajen masu hali. Hala Marta muke ce mata, kamar yadda yaran unguwa suke kiran sa'ar uwarsu da Larabci. Da 'yarta Rahila muke wasan carafke da 'yar tsana. Wata safiya ta leƙo ta kan katangar, ta gan ni ina hura wuta Hauwa tana tsala kuka a ƙasa, ta tsaya tana kallo, sannan ta sauka. Washegari ta shigo da mata uku. Na san fuskokinsu: matan zumunta ne na kanisa, wato cocin nan na laka mai rufin kwano da ke ƙarshen unguwa. Kowace Alhamis suna taruwa can, muna jin gangarsu daga gida, kuma duk wadda ta haihu ko ta yi rashi ko ciwo ya kwantar da ita a cikinsu, sai su raba kwanaki su yi ta zuwa gidanta. Ban taɓa ganin sun shiga gidan Musulmi ba sai ranar.

Hala Marta ta durƙusa a bakin ƙofar ɗaki ta ce da Inna, "Amina, ba sai kin ce komai ba, yi zamanki." Ta juyo gare ni ta ce, "'Yata, ina tsintsiya?"

Daga ranar kullum da wadda za ta zo. Hala Rifkatu, doguwar mace 'yar Kudu, ita take kawo nonon akuya a kwalba ta tafasa, ta zaunar da Hauwa a cinya ta ba ta da cokali. Wata tsohuwa da ban taɓa sanin sunanta ba tana zuwa da ƙullun dawa ta yi mana kisra, waina ce siririya kamar takarda, ta jera a faifai ta rufe. Wata kuma wanki ne nata. Hala Marta ta kwance mini kai ta wanke ta kitse, ta ja hannuna har cikin aji. Sannan ta sa na koya mata suyar gyaɗa a yashi, ta riƙa zama a gurbin Inna a bakin makaranta don kada wata ta gaje wurin, in ta tashi ta dawo mana da gari da sukari da gawayi.

Ranar wata Juma'a Gwaggo ta zo daga Bahri, ta tarar da miya a wuta da baƙuwar mace a bakin murhu. Ta tsaya ba ta cire takalmi ba, ta ce da ni, "Abincin wa kuke ci a gidan nan?" Hala Marta ta goge hannu ta ce, "Hajiya, naman daga wurin mahaucinku na bakin masallaci yake. Waƙarmu kuwa a ƙofa muke barin ta." Gaskiya ta faɗa. Ba su taɓa yin waƙa ko addu'arsu a gidanmu ba. In aka kira azahar, ita take cika buta ta ajiye a gaban Inna ta ce, "Amina, an yi kira." Gwaggo ta daɗe tsaye, sannan ta zauna. Da za ta tafi ta ci kisrar.

Saura kwana shida arba'in, Hala Marta tana suya a tsakar gida, ƙauri ya fara tashi. Sai muka ji murya daga ɗaki, a dushe: "Wutar ta yi yawa." Inna ta fito tana dafa bango, ta janye itace biyu, ta karɓi marar da ake juya gyaɗar, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno. Ba wadda ta yi guɗa, ba wadda ta dube ta. Hala Rifkatu ta ci gaba da ba Hauwa nono, mai wanki ta ci gaba da matse zane. Da Kawu ya zo ya tarar da Inna tana ƙulla gyaɗa, ni kuma na dawo daga makaranta da jakata. Ya sha shayi, ya yi addu'a, ya koma Jazira shi kaɗai. Matan ba su daina zuwa ba sai da Inna ta fita takaba.

Ban yi murna ba a lokacin, kamar yadda ban yi baƙin ciki ba. Na ci abin da aka ba ni, na je inda aka kai ni. Shekaru suka wuce, Hala Marta ta koma duwatsun garinsu, da ƙasarmu ta rabu gida biyu kuma Hala Rifkatu ta hau motar Kudu da jikokinta. Mu ma yaƙi ya fitar da mu daga Umbadda. Inda nake zaune yanzu katangu dogaye ne, in an yi rashi sai dai ta'aziyya ta shigo ta waya, bayan kwana uku wayar ta yi shiru. Nakan zauna in lissafa matan nan ɗaya bayan ɗaya, mai nono, mai kisra, mai wanki. Sai da na girma na tuna ban taɓa tambaya ba ko a nasu gidajen abincin yana isa.