'Yan Tsaki Hamsin da Jirgin da Ya Yi Yaji

Dutse, shida saura kwata

Ina idar da sallar asuba na rungumi kwalina na fito daga gida a Yalwawa, gari bai waye ba. A cikin kwalin akwai 'yan tsaki hamsin, kwanansu biyu a duniya. Na Yaya Hadiza ne da ke Malam Madori. Tun rasuwar mijinta bara take neman sana'ar da za ta riƙe ta, ta ce kiwon kaji take so, ni kuwa na bugi ƙirji na ce da hannuna zan kai mata su, ko ɗaya ba zai yi ciwon kai ba.

Ɗan tsako ba shi da maƙiyi kamar sanyi, ga shi muna tsakiyar hunturu. Dabarata ita ce fitilar ƙwai, in kunna ta a gefen kwalin duk inda na zauna. Sai dai kalanzir ya yi ɓatan dabo a Dutse, kwana uku ina yawo da kwalba kamar mai tallar turare. Dole maiɗakina ta cika gora biyu da ruwan zafi, ta naɗe su da tsumma ta tura cikin kwalin.

"Malam, ka shiga motar Haɗeja ka huta. Kada ka biye wa zancen jirgin nan."

Na ce to. Amma ta san halina. Shekarata hamsin da takwas, na yi aikin gwamnati har na ajiye, ban taɓa sa ƙafa a jirgin ƙasa ba. Da na ji cewa jirgin Kano zuwa Nguru zai tsaya a Taura da safen nan, kuma ta Malam Madori zai bi, wallahi ko barcin kirki ban yi ba don murna.

Kiyawa, shida da rabi

Kamar kilomita talatin ne, mu shida a ƙaramar mota, kwali a cinyata, ina ta murmushi ni kaɗai. Kafin shiga gari muka tarar da shingen bincike. Jami'in ya leƙo, ya ji kuka na tashi.

"Baba, me ke cikin kwalin nan?"

"Fasinjoji hamsin ne, ranka ya daɗe."

Ya dubi direba ya ce, "Kai, lodinka ya yi yawa. Wuce kafin in tambaye su katin shaida."

A tasha na sha shayi da burodi na naira ɗari biyar, na tambayi wani mai tebur ko yana da kalanzir. Ya nuna mini kwalabe a kife.

"Malam, ko warinsa ka ji a hanya, dawo ka ba ni labari."

Gujungu, ƙarfe takwas

Mun bi ta Jahun ba mu tsaya ba. A mararrabar Gujungu na ce a sauke ni. Direba ya nuna mini titin Haɗeja shimfiɗe a gabanmu, ya ce mene ne na koma baya zuwa Taura? Na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya har da dukan sitiyari, ya ce Allah ya sa jirgin ya san da zuwana. Na taɓa gorunan, ɗuminsu ya fara ja da baya, amma na ce a cikin jirgi ai ba iska. Na haye mashin, naira ɗari bakwai, iska kamar ana yanka kunne da reza.

Taura, tara saura

A tashar na tarar da manoma goma sha biyu tsugune kusa da buhunan albasa, tokar karan da suka ji ɗumi da shi ta huce. Na gyara hula, na tambayi mai gadi inda ake yankar tikiti.

"Ba jirgi yau, Alhaji. Ma'aikata sun shiga yajin aiki tun jiya."

Sai wani dattijo mai farin gemu da ake kira Baba Sale ya miƙe. Ashe tun ɗazu yake neman sabon kunne.

"Ka ji fa! Jirgi ya yi yaji, yanzu za ka ga manya sun ɗunguma biko da goro da ban haƙuri. Mu manoma in muka yi yaji wa zai zo bikonmu? Kai daga ina?"

Da na sani da na ce Kiyawa. Na ce Dutse.

"Yawwa! Ga ɗaya daga cikinsu. Titi naku, fitila taku, jirgin sama naku. Taki ya zo, a ofisoshinku yake narkewa. Mu sai ranar zaɓe ake tuna hanyar garinmu. Yau kuma ka zo raba mu da ɗan jirgin namu?"

Ina shirin kare kaina sai na lura kwalin ya yi shiru. Na buɗe. 'Yan tsakin sun cure a kusurwa ɗaya, ido a lumshe, wasu sun fara kifewa, gorunan kuwa sun yi sanyi ƙalau. Fuskar Yaya kawai nake gani, da abin da zan faɗa mata: cewa kwaɗayin jirgi ne ya kashe mata jari. Na tambayi gawayi, babu. Kara ya ƙare. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Baba Sale ya leƙa kwalin ya yi tsaki.

"Kauce, ɗan birni."

Ya kwashi huɗu ya tura cikin rigarsa, ya manna su a ciki. Ya daka wa sauran tsawa, kowa ya zo ya ɗauki huɗu, ni aka bar mini biyu. Muka jera a jikin bango muna fuskantar gabas, ƙarti goma sha uku, kowa ya dafe ciki kamar ranar awo a asibiti.

Zancen siyasa bai mutu ba, sai dai ya koma raɗa. Baba Sale zai ɗaga hannu ya nuna Dutse, sai na kusa da shi ya ce, "A hankali, Baba, za ka murƙushe su." Sai ya sauke hannu, ya ci gaba da zagin gwamnati da murya irin ta mai lallashin jariri. Can wani ya yi tsalle ya ce nasa sun cake shi a cibiya. Sai kuka ya fara tashi daga riga zuwa riga. Na yi dariya har ƙirjina ya yi ciwo, mai gadi kuwa sai da ya zauna a ƙasa.

Ƙarfe sha ɗaya rana ta yi ƙarfi, aka juye mini su a kwali suna ta tsalle. Na yi godiya, na hau mashin da sauri.

Gujungu kuma, sha biyu da kwata

Ina jiran motar Malam Madori ta cika na ƙirga su. Arba'in da tara. Na sake, arba'in da tara. Allah ya yafe mini, zuciyata kai tsaye wurin Baba Sale ta tafi. Na ce ya cire harajinsa daga jikin ɗan Dutse.

Saura mutum ɗaya mota ta tashi sai ga mashin ya yi birki a gabanmu. Baba Sale ne a baya, gemu ya karkace don iska, hannu ɗaya cikin aljihu. Ya baro albasarsa a tasha.

"Na sa hannu zan ɗauko goro, sai goro ya motsa. Ungo abinka."

Kunya ta rufe ni. Na zaro kuɗin mashin, ya ture hannuna.

"Ku ne ke cin namu, mu ba ma cin naku. In ka koma Dutse ka faɗa musu haka."

Malam Madori da komawa gida

Biyu da rabi na yi sallama a gidan Yaya. Ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, hamsin cif, ta yi ta sa mini albarka tana cewa ta san ba zan yi wasa da amanarta ba. Na sunkuyar da kai na ci tuwon dawata da miyar kuka. Washegari na shiga motar Dutse tiryan-tiryan, ƙarfe huɗu na yamma ina ƙofar gidana, ban ga ko hayaƙin jirgi ba.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, sannan ga manoma goma sha biyu na tashar Taura da suka ara mini cikinsu. Jama'ar Dutse kuma, an ba ni saƙo gare ku, kun dai ji shi. Baba Sale, na isar.