Shuɗin Dankalin Fernande

Duk wanda ya girma a garin Saint Agatha, can arewacin Maine, ya san Fernande Sirois, ko bai san ta da komai ba ya san ta da baki. Shekara arba'in da ɗaya ta yi a tsaye kan injin haƙar dankalin turawa tana tsince duwatsu da ruɓaɓɓu, in sanyi ya shigo kuma ta koma rumbu tana tantancewa. Gonakin ba nata ba ne, ba na mijinta ba. Mijin, Gilman, shi ke yi wa manoma feshi, kuma a wurinta feshin nan ne ya cinye masa huhu. Likita bai ce haka ba, amma Fernande ba ta taɓa jiran likita kafin ta yanke hukunci ba. Tun ranar da aka binne shi ta rantse ba maganin feshi ko takin zamani da zai ƙara taɓa abin da ta shuka.

Da gwiwoyi suka fara gardama, ta sayar da gida ta koma gidajen tsofaffi na bakin tafki: ɗaki, falo, da 'yar baranda. Kujeru da tukwane duk ta rabar. Abin da ta ƙi saki shi ne wani irin dankali mai shuɗin ɓawo da farin ciki, wanda kakarta ta haye kogi da shi daga Kanada a cikin safa, tana amarya. Ba a sayar da shi a kanti. Yayyenta mata huɗu duk sun shuka shi, duk sun riga ta tafiya, 'ya'yansu kuwa na leda suke saya. Irin ya rage a hannunta ita kaɗai, kuma ta san da haka.

Ta roƙi bokitan roba takwas a gidan burodi, ta huda musu gindi da ƙusa mai zafi. Kowace shekara in ƙanƙara ta narke ƙasa ta saki, sai ta yanka irin, kowane yanki da ido biyu, ta bar shi kwana biyu ya bushe, ta yayyafa masa ruwan albarka na coci, sannan ta binne a ƙasan bokiti. Tsiro yana tashi tana ƙara masa ƙasa, har bokitin ya cika. Ƙwari da hannu take tsince su. Tsofaffin gidan suna yi mata tsiya, wai babbar manomiya, a kawo mata tirela ranar girbi. Ita kuwa sai ta ce in an soya kada ta ga farantin kowa. Shekara shida ana haka, tana ci, tana kyauta, tana ajiye goma sha biyu a jakar takarda don shekara mai zuwa.

A shekara ta bakwai ruwa ya yi yawa, rabi ya ruɓe a bokiti, wasu suka ƙarasa ruɓewa a jaka. Da lokacin shuka ya zo, guda biyar suka rage mata. Al'adar gidansu ba a binne iri duka, ana barin biyu ko uku ko da wani abu ya faru. Ta juya su a tafin hannu, ta ga in ta rage biyu ba abin da ukun za su yi mata. Sai ta yanke ta shuka duka, ta ba su taki na gaske su yi yawa. Takin buhu na kanti ba ta yarda da shi ba, wa ya san abin da suka zuba a ciki? Ta kira Onias a waya, ƙanin Gilman, mai dawakai biyu a bayan gari.

Ya zo da tsohuwar motarsa, ya sauke mata buhu uku na kashin doki.

"Matar yaya, ga shi nan, baƙi wuluk, ya kwana biyu. Ko ke aka binne a ciki sai kin yi sabon ganye."

"Kai ka fara shiga, ko gashi ya fito maka a wannan sanƙon. Ba dai ka haɗa da wani abu ba?"

"Me zan haɗa? Ciyawa ta shiga ta gaba, ta fita ta baya. In kina shakka ki je ki tambayi dokin."

Ta dunƙula takin ta sansana, ta gamsu. Ta dafa masa miyar kaza da wainar garinsu da ake kira ployes, ya cinye yana kushewa.

Mako uku tsiron ya fito kore shar. A na huɗu ta lura sababbin ganyen ba sa buɗewa. Sun dunƙule kamar hannun jariri, karan yana murɗewa. Macen da ta yi shekara arba'in cikin dankali ta san kowace cuta da fuskarta, wannan kuwa ba ta taɓa ganinta ba. Ba ƙwaro, ba tabo, ba ruɓa. Ta rage ruwa. Ta ƙara ruwa. Ta ja bokitan rana, ta ja su inuwa, har ƙugunta ya riƙe. Kullum da safe ta fito da kofin shayi ta tarar sun ƙara ƙanƙancewa, duka takwas ɗin.

Jolène, 'yar yayarta da ke aikin jinya a Fort Kent, ita ta kawo malamar gona. Malamar ta tsuguna, ta duba ganye, ba ta tambayi ruwa ko rana ba.

"Inna, a ina kika samo taki?"

"Na doki ne, tsantsa. Ni ba na taɓa magani, kowa ya sani."

"Dawakan wace ciyawa suka ci?"

Aka kira Onias a waya. Ya ce tasa suke ci kullum, sai dai shekaru biyu da suka wuce da aka yi fari, ya sayo lodi ɗaya daga wani mutum can kudu, ko sunansa ba ya tunawa. Malamar ta sunkuyar da kai. Ta ce akwai maganin kashe ciyayi da wasu ke fesa wa filin harawa, ba ya yi wa doki komai, yana bi ta cikinsa ya fita yadda ya shiga, ya zauna cikin taki shekara da shekaru. Ta ce a gwada da wake: kofi ɗaya da wannan takin, ɗaya da ƙasa mai tsabta.

Waken ya tsiro. Na ƙasa mai tsabta ya buɗe ganye, ɗayan ya dunƙule.

"To in na tuge su, na wanke saiwar, na sauya ƙasa?" Fernande ta tambaya.

"Ki gwada, Inna. Amma ya riga ya shiga jikinsu."

Ta gwada. Wuni guda ta yi a durƙushe kan gwiwoyin da ba sa durƙusawa, tana wanke saiwa ɗaya bayan ɗaya a robar wanke-wanke. Jolène ce ta ɗaga ta da yamma. Shukar ba ta mutu ba, ba ta kuma warke ba, ta tsaya nan a murɗe duk damina.

Onias ya zo ranar wata Lahadi bayan coci, hula a hannu. Ya tsaya bakin baranda yana kallon bokitan.

"Fernande, da na sani..."

"Zauna, kana tare min haske."

Ya zauna. Ya zo ne a shirye ta wanke shi tas, da ma hakan ya fi masa sauƙi. Amma matar da ba ta taɓa rasa wanda za ta yi wa faɗa ba, yau ta rasa. Onias bai sani ba. Doki bai sani ba. Mai filin harawa bai ma san da ita a duniya ba. Ita da hannunta ta zuba takin, ita ta binne biyar ɗin duka. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, kuma ba inda za ta kai shi.

Da kaka ta yi, manyan motoci suna wucewa ta gaban gidan maƙil da dankalin mutane, ta kifar da bokitanta kan leda. Ta bi ƙasar da yatsu sau uku. Guda tara ta samu, babban cikinsu bai kai ƙwan tantabara ba. Ba ta ci ko ɗaya ba. Ta naɗe su a takarda, duk tsawon sanyi tana buɗewa tana dubawa. Bakwai suka yamutse suka bushe. Biyu suka kai bazara, ta ɗora su a taga, suka fito da tsiro siriri a murɗe. Ta shuka su a ƙasa mai tsabta, ta jira har ƙarshen Yuni. Da ta tona, ɓawo kawai ta tarar.

Jolène ta same ta a baranda, bokitan a kife. Ta zauna kusa da ita ta fito da waya.

"Inna, kada ki sa wa ranki damuwa. Akwai masu tara tsofaffin iri, har aiko da shi suke yi ta gidan waya. Ba abin da ba a samu yanzu. Faɗa min sunansa in nemo miki."

Fernande ta shiga laluben sunan a ranta. Ta tuno uwarta, ta tuno yayyenta ɗaya bayan ɗaya, yadda kowace ke cewa a je a tono na Kaka. Duk waɗanda za ta iya tambaya suna maƙabartar bayan coci.

"Inna? Sunan kawai."

"Ba mu taɓa tambaya ba," ta ce. "Yana nan kullum, me za mu yi da suna?"

Jolène ta riƙe wayar ɗan lokaci, yatsanta a kan wurin rubutu. Sannan ta mayar da ita jaka.